Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka a Tsakanin Ƙananan Halittu: Waiwaye a Kan Tarihin Wani Bincike

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda masana suka gano cewa wasu ƙananan halittu, waɗanda ido ba ya gani, suna dogara da juna wajen samun abinci.

A shekarar 1940, H. A. Barker na Amurka ya bayyana cewa ya keɓe wata ƙwayar halitta mai sarrafa barasa tana fitar da iskar gas ta mitan. Daga baya aka san ta da sunan Methanobacillus omelianskii. Shekara 27 ana ɗaukar ta halitta guda.

A 1967 ne Marvin Bryant da abokan aikinsa na Jami'ar Ilinoi suka tabbatar da cewa halittu biyu ne a haɗe. Ta farko tana narkar da barasa, ta fitar da iskar haidirojin. Idan kuwa iskar ta taru, aikinta sai ya tsaya. Ta biyu ita ke shanye haidirojin ɗin, ta haɗa shi da iskar kabon, ta samar da mitan. Ke nan sharar wannan ita ce abincin waccan.

A 1977 Carl Woese da George Fox suka nuna cewa masu samar da mitan ba dangin bakteriya ba ne. A 1990 aka raɗa wa rukuninsu suna Arkiya. Irin wannan zama yana gudana har a tumbin shanu.

Daga ƙarshe, wannan tarihi ya nuna cewa suna ɗaya kan lulluɓe abubuwa biyu, har masana su daɗe ba su ankara ba.