Inshorar girgizar ƙasa a gidajen bene na Kaliforniya: wa ke biya idan gini ya tsage?

A jihar Kaliforniya ta Amurka, mutane da yawa ba sa mallakar gida sukutum. Mutum yakan sayi sashe guda a cikin babban bene, abin da suke kira kondo. Cikin ɗakunan nasa ne, amma tubali, rufi, matakala da wurin ajiye motoci na kowa da kowa ne, kuma ƙungiyar masu gidajen ce ke kula da su da kuɗin da kowa ke zubawa duk wata.

To, inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar girgizar ƙasa, sai an sayi wata daban. An ga haka ranar 17 ga Janairun 1994, lokacin da girgiza mai ƙarfin maki 6.7 ta afka wa unguwar Northridge ta birnin Los Angeles. Kamfanonin inshora sun yi asara mai yawa, har galibinsu suka daina sayar da sabuwar inshorar gida, domin doka ta tilasta musu su tallata wa duk mai saye ta girgizar ƙasa ma. Shi ya sa a 1996 jihar ta kafa hukumar California Earthquake Authority, wato CEA.

Inshorar iri biyu ce. Ta farko ta ƙungiya ce, mai kare ginin baki ɗaya. Dokar jihar ba ta tilasta wa ƙungiya sayenta ba, kuma saboda tsada, da yawa ba su da ita. Ta biyu ta mai sashe ce. Wadda CEA ke sayarwa tana biyan gyaran cikin ɗaki, kayan gida, da kuɗin haya idan dole ta sa mutum ya tashi.

Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne kason gyara da ƙungiya ke ɗora wa kowane mamba. Ko ƙungiya na da inshora, akwai kaso na farko da kamfani ba ya biya. Ga misali: an yi wa bene inshorar dala miliyan 10, kason farko kashi 15 cikin 100. Ke nan dala miliyan 1 da rabi na wuyan masu gida. Idan su 50 ne, kowa zai biya dala 30,000, ko da ɗakinsa bai yi ko tsaga ba. Wanda ya kasa, ƙungiya na iya ɗora bashin a kan sashensa, har ta kai ga sayar da shi. Inshorar CEA na iya ɗauke wannan nauyi har zuwa dala 100,000.

Don haka kafin mutum ya sayi sashe, sai ya nemi takardar da ƙungiya ke rarrabawa duk shekara, wadda ke nuna inshorar da take da ita, ya duba ko ta girgizar ƙasa na ciki da kuma girman kason farko.