Daga Indore zuwa Kolombo: Lissafin Takin Gargajiya

A shekarar 1905 gwamnatin mulkin mallaka ta tura Albert Howard, masanin tsirrai ɗan Ingila, zuwa Indiya domin ya inganta noman ƙasar. Da ya zauna sai ya ga cewa manoman da aka turo shi ya koyar sun fi shi sanin ƙasarsu. Daga 1924, a garin Indore, ya tsara yadda ake jera kashin dabbobi da ganyaye da toka a rami, ana yayyafa ruwa ana juyawa har su ruɓe su zama taki. Littafinsa na 1940, An Agricultural Testament, na cikin tushen aƙidar noma ba tare da takin zamani ko maganin feshi ba, wadda amfaninta ke tsada a kantunan Turai a yau.

Howard ya yi gaskiya game da lafiyar ƙasa: takin gargajiya yana riƙe danshi, yana raya gona shekara da shekaru. Inda gizo ke saƙa shi ne yawa. Tun 1913 kamfanin BASF na Jamus ya fara sarrafa naitirojin daga iska bisa dabarar Fritz Haber da Carl Bosch. Buhun yuriya mai kilo 50 na ɗauke da kilo 23 na wannan sinadari. Kashin shanu kuwa bai cika wuce kashi 2 cikin 100 ba, wato sai an tara fiye da tan guda kafin a maye gurbin buhu ɗaya. Sai an sami dabbobin, da abincinsu, da masu kwasa da dako. Manomin karkarar Kano da ya gaji jigilar taki a kan jaki daga birni ya san wannan wahala. Wani ɓangare na tsadar irin wannan abinci daga nan yake fitowa, sannan ga raguwar yabanya da kuɗin takardar shaida.

Sri Lanka ce ta gwada tsallake wannan lissafi. A watan Afrilun 2021 Shugaba Gotabaya Rajapaksa ya haramta shigo da takin zamani dare ɗaya, da sunan kare lafiyar jama'a, alhali baitulmali na fama da ƙarancin dala. Ba a tanadi takin gargajiyar da zai wadaci gonaki ba, ba a kuma ba manoma lokacin sauyawa ba. Noman shinkafa ya faɗi, ganyen shayi da ke kawo kuɗin waje ya ragu, ƙasar da ta saba ciyar da kanta ta koma sayo shinkafa. A watan Nuwamba gwamnati ta janye haramcin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Bashi da ƙarancin mai suka haɗu da tsadar abinci, kuma a Yulin 2022 masu zanga-zanga suka mamaye fadar shugaban a Kolombo, shi kuwa ya tsere daga ƙasar.