Jar Shinkafa da Masu Sanin Sunanta: Tarihin Iri a Fadamun Kalgo da Gwandu

Masana tarihi suna cewa sunan Gwandu ya samo asali ne daga kalmar gandu, domin wurin gona ce ta sarautar Kabi tun zamanin Muhammadu Kanta, a ƙarni na 16. Sai a 1805 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa suka sauka a nan, daga baya garin ya zama hedikwatar yammacin daula a hannun ƙanensa, Malam Abdullahi. Mun saba ba da tarihin wannan ƙasa ta hanyar yaƙe-yaƙe da littattafan malamai, kuma hakan daidai ne. Amma akwai wani tarihi da ya girmi waɗannan duka, wanda ba a rubuta shi da tawada ba, a rumbu aka adana shi: tarihin irin shinkafa, da na mutanen da suka iya bambance wannan iri da wancan.

Iri biyu ne kacal na shinkafa ɗan Adam ya mayar abin nomawa a duniya. Ɗaya ta Asiya ce, ɗayar kuma ta Afirka, wadda masana tsirrai suke kira Oryza glaberrima. Wani masani Bafaranshe, Roland Portères, ya nuna cewa an fara noma ta ne a tsakiyar kwarin Kwara, cikin ƙasar Mali ta yau, kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Daga can ta bi ruwa ta bazu, har ta sami gida a kwarin gulbin Rima, wanda ya ratso ta Argungu da Birnin Kabi, ya gangara ta yankin Kalgo kafin ya haɗu da Kwara. Ita ce jar shinkafar da kakanninmu suka tuƙa tuwo da ita tun kafin Turawan Fotugal su kawo ta Asiya gaɓar teku a ƙarni na 16.

Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya sauka Gwandu a 1853. A nan ya sami kwafin littafin Tarikh al-Sudan, ya kuma yaba albasa da ayabar garin, sannan ya ambaci gonakin shinkafa a kwaruruwan ƙasar Kabi. Abin sha'awa, shinkafar dajin da ake ganin ita ce uwar jar shinkafarmu, sunansa aka laƙaba mata: Oryza barthii. Baƙon da ya wuce ya sami suna a littafi, manoman da suka yi shekaru aru-aru suna zaɓen iri ba a rubuta sunan ko ɗaya ba.

To, ta yaya ake gane iri? Masana suna duba ɗan harshen da ke tsakanin ganye da kara: a shinkafar Afirka gajere ne mai dunƙulallen baki, a ta Asiya kuwa dogo ne mai tsini, sau da yawa a tsage. Zangarniyar ta Afirka takan tsaya a miƙe, rassanta kaɗan, ɓawonta galibi sumul ba gashi, wanda shi ne ma'anar sunan nata a Latin. Ƙwayarta ja ce a mafi yawan lokaci, tana saurin zuba idan ta nuna, tana kuma karairayewa a injin casa. Manomi ba ya bukatar Latin kafin ya san wannan. Shi ƙari ma yake da shi: yakan duba launin ɓawo, baƙi ne ko ja ko fari, da ƙaya a bakin ƙwaya ko babu, da yawan kwanakin da iri yake yi kafin ya nuna. Abin da ya fi kome muhimmanci a wurinsa kuwa shi ne zurfin ruwan da irin yake jurewa.

Nan ne gaɓar maganar. Fadama ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Akwai bakin tudu inda ruwa ke tsayawa a idon sawu, akwai inda yake kai gwiwa, akwai kuma tsakiyar kwari inda yake shanye tsayin mutum. Kowane mataki da irinsa. A can ƙasa ake watsa shinkafa mai bin ruwa tun farkon damina, kafin gulbi ya kawo. Idan ambaliya ta iso a watannin Agusta da Satumba, sai karanta ya riƙa tsawo yana bin ruwan, ganyen na yawo a sama, wani lokaci ma a cikin kwalekwale ake yankan ta. Wanda ke noma a ƙaramin kwari irin na Gwandu da wanda ke noma a babbar fadamar wajen Kalgo ba iri ɗaya suke nema ba. Saboda haka tara iri daban-daban dabarar tsira ce: idan ruwa ya yi yawa wannan ya tsira, idan ya yi ƙaranci wancan ya ba da abinci. Tun a gona ake ware zangarniyar da ta fi kyau, a ɗaure ta daban, a ajiye ta nesa da ta ci.

Zamanin Turawan mulkin mallaka ya zo da wani salon tara iri. An shigo da BG 79 daga ƙasar Giyana, an kafa tashar binciken shinkafa a Badeggi a 1953, sannan aka sami reshe a Birnin Kabi domin shinkafar ruwa mai zurfi. An gwada irin da aka kawo daga Indiya da Tailan, aka kuma tattara na gida. Cikin na gidan akwai Badande da Jatau, waɗanda rahotannin bincike suka nuna sun fi wasu baƙin iri yabanya a fadamar nan, domin sun san halin ruwanta.

Daga nan ruwan kansa ya sauya. An kammala madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo ta biyo baya a shekarun 1980, ambaliyar da manomi ya san lokacinta ta koma hannun masu buɗe ƙofar dam. A farkon shekarun 1990 shirin Fadama ya yaɗa rijiyoyin ban ruwa da ƙananan injina, noman rani ya bunƙasa. Aka sami FARO 44, wadda manoma ke kira Sipi, mai nuna cikin kusan wata huɗu, fara, doguwa, wadda masu injin casa suke so. Da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Kabi cikin Nuwamba 2015, sai shinkafar kasuwa ta ƙara mamaye fadama. Ba mu raina wannan ci gaba ba: ya cika buhuna, ya aurar da 'ya'ya, ya kai mutane Makka. Amma ambaliyar 2020, wadda ta shanye gonaki masu ɗimbin yawa a jihar, ta tuna mana cewa gajeriyar shinkafa ba ta iya iyo ba.

Duniya kuwa ta riga ta gane darajar abin da muke saki. Dakta Monty Jones, ɗan Saliyo, ya haɗa shinkafar Afirka da ta Asiya ya samar da NERICA, aikin da ya ba shi lambar yabo ta abinci ta duniya a 2004. Daga cikin iyayen NERICA ta fadama akwai wata jar shinkafa da aka ɗauko daga Najeriya, wadda a ma'ajiyar iri aka sani da lamba kawai: TOG 5681. Cibiyar AfricaRice da ke kusa da Buwake a Kwaddibuwa tana ajiye da samfurin shinkafa fiye da 20,000 a ɗakunan sanyi. Ƙwayar tana nan lafiya, amma firiji ba ya riƙe sanin wane lungu na fadama take so, ko wane tuwo take yi.

A Ingila akwai masu tara wani ɗan farin fure mai suna Galanthus, wanda yake tsirowa a ƙarshen hunturu. Sukan durƙusa cikin sanyi suna duba ɗigon kore a cikin furen domin su gane wannan iri da wancan, kuma a 2022 an sayar da kan guda ɗaya a fam 1,850. Kowane iri da sunansa, da sunan wanda ya gano shi, da shekarar. Furen ado ke nan, ba a ci. Mu namu abinci ne, kuma masu iya duba zangarniya su faɗi sunanta suna tsufa.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi tana nan a kan hanyar Kalgo, fadama na bayan ɗakinta, tashar binciken hatsi ma ba ta da nisa. Abin da ake bukata shi ne ɗalibai su shiga ƙauyuka kafin girbi, su zauna da tsofaffin manoma da matan da ke turara shinkafa, su rubuta sunan kowane iri da Hausa, da kamanninsa, da zurfin ruwansa, da sunan garin da aka same shi, sannan a ware fili a riƙa shuka shi duk shekara. Malaman Gwandu sun bar mana al'adar kwafe littafi domin kada ya ɓace. Shi ma iri haka yake, sai dai kwafinsa a laka ake yi, kuma damina ɗaya ko biyu da aka tsallake sun isa su raba mu da shi.