Kafin Dubai, Agadas Ce Zangonmu

A gidajen Sama Road da ke Sakkwato, idan iyali suka dawo daga umara ko fatauci a Sin, hoton da ake fara nunawa sau da yawa na Dubai ne: kwana biyu a otal, yara a gindin Burj Khalifa mai tsawon mita 828, sai a wuce. Muna ɗaukar wannan abin zamani ne. Alhali kakanninmu sun daɗe da sanin birni mai arziki a tsakiyar rairayi, wanda ake sauka a huta kafin a ci gaba. Sunansa Agadas, a ƙasar Azbin.

Tun ƙarni na 15 sarakunan Azbin suka mayar da shi mazauninsu. Agadas ba ta da gonar kirki, ba ta da kogi. Abin da take da shi hanya ce. Ayarin da ya taso daga Katsina ko Kano da turkuɗi da jar fata, ya nufi Gat da Gadamus har Tarabulus, nan yake sauke kaya. Haka ayarin gishirin Bilma. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Liyo Afirkanus, ya rubuta a ƙarni na 16 cewa kuɗin shigar sarkin garin daga harajin fatake yake fitowa. Mu da ke aikin kwamfuta mun san irin wannan matsayi: na'urar da saƙo ke ratsawa ba ta ƙirƙirar komai, amma in ta ƙi ba da hanya, kowa ya tsaya.

Maniyyata ma nan suke bi, wasu da mata da yara, su jira ayarin da zai kai su Fezzan da Masar. Zangon da aka yi niyyar mako guda yakan zama wata uku, domin ba a shiga sahara sai madugu ya ce raƙuma sun ƙoshi kuma hanya ta yi lafiya. A wannan jira ake sayar da ɗan abin da aka riƙo, a nemi malamin da za a zauna gabansa.

Zangon da ya fi shafar mu mutanen Sakkwato shi ne na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Yana saurayi ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umar, har Agadas. Malam Jibrilu ya wuce aikin hajji, Shehu kuwa ya juyo gida saboda mahaifinsa bai ba shi izinin tafiyar ba. Ƙanensa Abdullahi ne ya adana mana labarin. Shehu bai taɓa zuwa Makka ba har ya rasu a 1817. A ganinmu masu tarihi ba su ba wannan juyowa haƙƙinta ba: maganar uba guda ce ta mayar da shi Gobir, inda aikinsa yake jiransa.

Arzikin hanya kuwa yana tafiya da hanya. Lokacin da Bajamushe Henrik Bart ya isa Agadas a 1850, ya tarar da unguwanni sun zama kufai, ya ƙiyasta mazauna kusan 7,000. Hasumiyar masallacin mai mita 27, wadda aka sake ginawa a 1844, tana tsaye a kan garin da ya fi mutanensa girma. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fata ta koma bin Ikko. Bayan tawayen Kawusan na 1916 zuwa 1917, ramuwar Faransawa ta watse da yawan waɗanda suka rage.

Dubai ta ɗanɗana irin wannan a shekarun 1930, da lu'ulu'un Japan ya kashe mata kasuwa. Da ta farfaɗo, sai ta mayar da sauke matafiya sana'a, ta kafa Emirates a 1985. Kuma kamar sarkin Azbin, ita ke da ƙofa. A 2022 ta daina ba 'yan Najeriya biza, Emirates ya dakatar da zuwa ƙasar, iyalai suka koma bi ta Doha da Adis Ababa. Jirgin bai dawo Ikko ba sai Oktoban 2024.

Agadas ma ba ta bar sana'ar ba. Motoci ƙirar Hilux ne suka gaji raƙuma, suna kwasar masu nufin Libiya. Nijar ta haramta wannan jigila da doka a 2015, gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamban 2023, motocin suka koma lodi a fili.