Hannun Da Ke Bayan Gwado: Tarihin Ɗaukar Hoton Jarirai A Gida

Gabatarwa

A hutun da ya wuce ne kakata ta sa ni in sauko mata da wata tsohuwar adaka, domin ta ciro turmin atamfa da za ta kai gidan suna. Can ƙarƙashin kayan sai na ci karo da wani ɗan hoto baƙi da fari, bai fi tafin hannu ba. Jariri ne a kishingiɗe bisa wani tuli da aka lulluɓe da gwado. Da na ƙura ido sai na ga yatsu huɗu sun leƙo ta gefen gwadon, sun tallafi ƙeyar yaron.

Na ce, "Hajiya, wane ne wannan?" Ta karɓa ta duba, ta ce, "Yayan ubanka ne." Ba ta faɗi sunansa ba, ban kuwa taɓa jin ta faɗa ba, domin shi ne ɗanta na fari. Na ce, "To, hannun fa, na wa?" Sai ta yi dariya ta ce, "Kai dai maigida ka cika tambaya. Rufe mini adakata."

Wannan hannu shi ya sa ni bin diddigin yadda aka fara ɗaukar hoton jarirai, da yadda abin ya iso gidajenmu. Abin da na tarar shi ne nake so in gabatar wa 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu, ko Allah ya sa wani ya ɗora daga inda na tsaya.

Mafarin Abin A Turai

A cikin shekara ta 1839 ne aka bayyana wa duniya dabarar wani Bafaranshe, Louis Daguerre, ta kama siffar mutum a kan farantin tagulla da aka shafe da azurfa. Da fari sai mutum ya yi mintoci a zaune bai motsa ba kafin siffarsa ta kamu. Daga baya aka rage lokacin ya koma daƙiƙoƙi, amma duk da haka ko yaya aka motsa sai hoton ya yi dishi-dishi. Saboda haka masu hoto suka ƙera wani ƙarfe da akan tokare ƙeyar manya da shi ta baya. To, babba ke nan mai jin magana. Jariri fa, wa zai ce masa ya tsaya cik?

Dabarar da suka samo ita ce a zaunar da uwa a kujera, a lulluɓe ta da labule ko bargo tun daga kai har ƙafa, ta koma kamar kujerar, sa'an nan a ɗora mata ɗan a cinya ta riƙe shi ta ƙarƙashin mayafin. Wani sa'i kuma ta ɓuya a bayan kujera, ko a kankare fuskarta daga jikin farantin. An yi wannan ƙwarai a Amurka da Ingila a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Wata mai zane-zane, Linda Fregni Nagler, ta tara irin waɗannan hotuna kusan dubu, ta baje su a birnin Venice na Italiya a 2013, a yawancinsu kuwa sai ka ga hannu, ko ƙafa, ko gefen riga ya tona asirin uwar.

Mai karatu zai ce, mene ne na wannan wahala duka? Amsar tana ga yawan mutuwar yara a wancan zamani. A Ingila a tsakiyar ƙarni na 19, kimanin jarirai 150 cikin kowane 1,000 ne ke rasuwa kafin su cika shekara. Iyaye da yawa ba su samu damar ɗaukar hoton ɗansu da rai ba, sai bayan ya rasu a kira mai hoto har gida, a shirya yaron kamar mai barci a ɗauke shi. Watau ke nan a gidaje da yawa rasuwa ce ta fara shigo da mai hoto.

Kyamara Ta Zama Kayan Gida

Abin da ya canza lamarin shi ne aikin wani Ba'amurke, George Eastman. A 1888 ya fito da kyamarar Kodak, wadda ake sayarwa dala 25 da fim na hoto 100 a cikinta. In fim ya ƙare sai a aika da kyamarar gaba ɗaya zuwa kamfanin a garin Rochester, a wanke hotunan, a sa sabon fim a komo da ita. A 1900 kuma ya fito da ƙaramar Brownie a kan dala ɗaya tak, tallarta kuwa har da mata da yara aka nufa da ita. Daga nan ne uwa ta sami halin fitowa daga ƙarƙashin labule, ta koma bayan kyamara tana ɗaukar ɗanta da hannunta. Sauran cikas ɗaya shi ne duhun ɗaki, shi ma aka shawo kansa da aka ƙera ƙwan walƙiya wajen 1930.

Isowar Hoto Ƙasashenmu

Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, da alƙalami ya zana abin da ya gani. Sana'ar hoto ta bakin teku ta shigo mana. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny wanda ya rasu a 1905, yana cikin 'yan ƙasa na farko da suka riƙe ta, haka nan George Da Costa da ya buɗe shagonsa a Ikko a 1895. A Binin, Solomon Alonge ya buɗe nasa a 1942. A Bamako ta Mali kuwa akwai Seydou Keïta, wanda kawunsa ya ba shi Brownie a 1935, ya buɗe wurin ɗaukar hoto a 1948. A tsakar gida yake aikinsa da hasken rana, yana rataya zanen gado a baya. Cikin hotunansa da suka yi suna akwai na wani ƙaton mutum cikin babbar riga, ya ɗora 'yar jaririyarsa a cinya yana murmushi.

A ƙasar Hausa, bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa ya kawo baƙi daga Kudu, masu hoto suka kafa shaguna a Sabon Garin Kano da na Zariya da sauran garuruwan da ke bakin dogo. Dattawa sun san akwatin nan mai ƙafa uku, wanda mai hoto kan cusa kansa cikin baƙin ƙyalle kafin ya ɗauka. Amma wannan akwati ya daɗe bai kai ga ɗakin mai jego ba, bisa dalilai huɗu.

Na farko, ba a shigar da baƙon namiji cikin gidan aure, iyakarsa zaure. Na biyu, jariri ba ya fita barkatai kafin suna, mai jego kuwa tana cikin wanka da kunun kanwa har kwana arba'in, ga tsoron baki da mugun ido a kan ɗanyen goyo. Na uku, malamai sun yi saɓani a kan halaccin hoto. Wasu sun haɗa shi da sura da aka hana, wasu kuwa, kamar Shaihu Muhammad Bakhit, muftin Masar da ya rasu a 1935, suka ce kama inuwa ce kurum irin ta madubi. Na huɗu shi ne kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, balle ta zauna a ɗauke ta rungume da shi. Baba ta Karo ta yi bayanin wannan kunya a cikin labarin rayuwarta da Mary Smith ta rubuta, aka buga a 1954.

Da na fahimci wannan sai na koma wurin kakata da goro. Sannu a hankali ta ba ni labari. A shekarar samun mulkin kai ne, watau 1960. Kakana yana aikin reluwe, ya ga abokan aikinsa 'yan Kudu suna nuna hotunan 'ya'yansu, shi ma ya ɗauko mai hoto bayan an yi arba'in. Aka kai yaron zaure, ya ƙi kowa, sai tsala kuka yake yi. Uwar mijinta ta ce, "Ke zo ki riƙe shi, a rufe ki." Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure ta ciki inda rana ke faɗawa, aka lulluɓe ta da gwado, yaro ya ji ɗumin uwarsa ya yi shiru. Bai kai yaye ba ƙyanda ta ɗauke shi. Ta ce da ni, "Ka ga, ban taɓa kallonsa son raina ba sai a takardar nan."

Ashe abin da nawar na'ura ta sa matan Turai suka yi, shi kunya ta sa kakata ta yi shekaru da yawa bayansu, ba tare da ɗaya ta san da ɗaya ba.

Zamanin Waya

Daga shekarun 1980 hoto mai launi ya yawaita, mai hoto ya zama ɗan gayyar suna kamar maroƙi da wanzami, kuma 'yan'uwa suka fara riƙe ƙananan kyamarori suna shiga har ɗaki. A can Amurka kuwa, tun 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta bukatar fim, wadda daga ƙarshe ta durƙusar da kamfanin har ya nemi kariyar kotu a kan bashi a 2012. Ran 11 ga Yuni, 1997, wani Bafaranshe mazaunin Kalifoniya, Philippe Kahn, ya haɗa kyamara da kwamfuta da wayarsa a asibiti, ya aika wa mutum kimanin 2,000 hoton 'yarsa da aka haifa a ranar. Wayar salula ta yaɗu a Nijeriya daga 2001, yau ga shi kafin ungozoma ta gama wanke jariri hotonsa ya kai Makka da Landan ta WhatsApp.

Amma har gobe ana ɓoye hannun. Hotunan nan da muke gani na jariri ya yi tagumi yana barci, ba shi ya riƙe kansa ba, domin wuyan ɗan kwana bakwai bai yi ƙwarin haka ba. Wani ne ke tallafe da shi, a ɗauki hoto biyu a haɗa, a goge hannun da kwamfuta. Wanda bai san haka ba ya ce zai kwaikwaya a gida, to, yana wasa da ran ɗansa. Haka kuma yaɗa hotunan yara ya kai matsayin da a 2024 Faransa ta yi doka da ta ɗora wa iyaye nauyin kare hoton 'ya'yansu. Kakanninmu da suka ƙi nuna ɗanyen goyo ga kowa da kowa ashe suna da tasu hujjar.

Kammalawa

Hoton kakata ɗaya ne tak, ya shekara sittin da ɗoriya a adaka bai ɓata ba. Ni kuwa hotunan sunan ɗan yayata, sun fi ɗari, duk sun tafi ranar da aka sace mini waya a tasha. Ban da haka, da tsohuwar ta riga ni buɗe adakar nan zuwa ga rahamar Allah, da babu wanda zai san ko wane ne yaron, balle mai hannun.

Saboda haka ina roƙon 'yan wannan ƙungiya, kamar yadda muke tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin daka da niƙa, mu haɗa da tsofaffin hotunan gidajenmu. In mun je hutu mu zauna da tsofaffi, mu tambayi sunan yaro da shekara da gari, da wanda ya ɗauka, mu rubuta da fensir a bayan hoton. Kada kuma mu manta da sunan wadda ta riƙe shi. Na kakata dai na rubuta, tana kallona tana cewa, "Ja'iri, sai da ka tona ni." Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya mana na baya, amin.