Yadda Ake Kaɗa Jita Bes da Yatsu: Aikin Hannun Dama

Yawancin waƙoƙin Kannywood da muka taso da su a fiyano ake haɗa kiɗansu, musamman samfurin Yamaha PSR. Wannan kaurin sautin da kake ji yana dukan ƙirjinka a gidan biki, maɓalli aka danna ya fito. Shi ya sa za ka samu matashi a Fagge ya haddace waƙa ɗari, amma bai taɓa riƙe jita bes ba. Wanda ke son ganin ana kaɗa ta ido da ido, Sabon Gari ce wurin zuwa, inda makaɗan coci-coci da na otal-otal suke aiki da ita duk mako. In ka tsaya ka kalle su da kyau, za ka lura hannun hagu yana zaɓar sauti ne kawai. Daɗin kiɗan, nauyinsa da tsabtarsa, duk daga hannun dama suke fitowa. Bahago sai ya juya bayanin.

Jitar kanta

Bes ɗin da aka saba gani tana da tsirkiya huɗu: E, A, D, G. E ce mafi kauri, tana sama kusa da fuskarka, G ce siririya, tana ƙasa. Kamfanin Fender ne ya yaɗa irin wannan jitar da samfurin Precision Bass a 1951. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu mai ɗaukar sauti ya kai wa amfilifaya, makaɗa suna ce masa pikof. Ka riƙe sunan, don nan babban yatsanka zai fara zama.

Zaman hannu

Ka ɗora hannunka a gefen jikin jitar ba tare da ka danna ba, yatsu su sauko kan tsirkiya a sake. Babban yatsa ya jingina a saman pikof. Abin da ya fi cutar da masu koyo shi ne lanƙwasa wuyan hannu sosai kamar ƙugiya. In ka rataya jitar can sama kusa da haɓa, dole hannun ya lanƙwashe, bayan wasu watanni kuma ciwo ya zo. Ka daidaita maɗauri har wuyan hannu ya kusa miƙewa. Da ka ji zafi ko yatsu sun fara mutuwa, ajiye jitar ka huta. Farce kuma a yanke shi, in ba haka ba kowane sauti zai fito da ƙas-ƙas.

Yatsu biyu, ɗaya bayan ɗaya

Manuni da na tsakiya su ne ma'aikatan. Ɗaya ya ja, ɗayan ya karɓa, kamar mata biyu suna daka a turmi ɗaya. Da tsokar kan yatsa ake ja, kuma ba fizgo tsirkiyar ake yi waje ba. Yatsa zai bi ta kanta ya wuce, ya je ya jingina a tsirkiyar da ke samanta. In ka kaɗa A, yatsan ya sauka a kan E. In ka kaɗa D, ya sauka a kan A. Wannan jinginar tana ba ka sauti mai cika, kuma tana rufe bakin tsirkiyar da ka sauka a kanta.

Na tsakiya ya fi manuni tsawo, don haka sau da yawa yana fin shi ƙara. Ka ɗan karkata hannu zuwa wuyan jitar har kawunan yatsun su zo kusan daidai. Gwaji mai sauƙi: ɗauki kanka a waya kana kaɗa A kaɗai, sannan ka saurara. In kana iya gane wannan manuni ne, wancan na tsakiya ne, to da sauran aiki.

Kiɗa da yawa na kalangu da na biki uku-uku yake tafiya, nan kuma sabon shiga ke rikicewa. Da yatsu biyu, ukun farko za su zama manuni, tsakiya, manuni, na biyu kuma tsakiya, manuni, tsakiya. Wato bugun mai nauyi yana canja yatsa kowane zagaye. Kada ka gudu daga wannan, ka koya wa kowane yatsa ɗaukar nauyin.

In kana saukowa daga siririya zuwa mai kauri, misali daga G zuwa D, yatsan da ya kaɗa G ya riga ya jingina a D, sai ka bar shi ya ja ta. Ƙwararru suna yin haka kullum. Amma mai koyo ya fara riƙe ɗaya-bayan-ɗaya tukuna.

Rufe bakin tsirkiya

Nan ne ake gane wanda ya iya. Tsirkiyar bes tana ruri ko ba ka taɓa ta ba, muddin 'yar uwarta na motsi. A ɗaki ba za ka ji ba, amma a manyan sipikun biki sai kiɗan ya zama kunu. Maganin shi ne babban yatsa ya riƙa tafiya. Kana kan E, yana kan pikof. Ka koma A ko D, ya sauko kan E. Ka je G, ya zauna a kan A yana ɗan taɓa E. Siraran da ke ƙasa kuma yatsun hagu ne ke kwantawa a kansu a hankali. Sannan ka koyi yanke sauti: bayan manuni ya ja, na tsakiya ya ɗora a tsirkiyar ya tsayar da ita. Tazarar shirun nan ita ke sa mutane rausayawa.

Inda kake ja

Kusa da wuyan jitar tsirkiya tana da laushi, sautin yana fitowa da kauri da faɗi. Irinsa kake ji a rege, wajen Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley, wanda ya rasu a 2024. Kusa da gindi, inda aka ɗaure tsirkiyoyi, ta fi tauri, sautin ya fi kaifi, kuma gudu ya fi sauƙi. Jaco Pastorius na Amurka ya yi suna da kaɗawa a nan. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don mutanenmu a waya suke jin waƙa. Tsirkiyar E a buɗe tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, sipikar waya kuwa ba ta iya fitar da wannan. In ka ɗan matsa wajen gindi, kaifin da ke cikin sautin zai taimaka a ji ka ko a ƙaramar waya.

Wasu salon

James Jamerson na kamfanin Motown, wanda ya yi bes a faifan What's Going On na Marvin Gaye a 1971, da manuni kaɗai yake yawancin aikinsa. Billy Sheehan yana amfani da yatsu uku. Larry Graham shi ya fito da salon mari, babban yatsa ya doki tsirkiya, manuni ya fizgo wata, lokacin da yake kiɗa da mahaifiyarsa ba su da mai ganga. A Afirka, ka nemi Richard Bona na Kamaru, da Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu a faifan Graceland na 1986, da Eyadou Ag Leche na Tinariwen. Mari yana burge 'yan kallo, amma mawaƙin da zai ɗauke ka aiki abin da yake so shi ne ka riƙe masa kiɗa daram daga farko har ƙarshe.

Matsalolinmu na Kano

Rashin wuta yana ɓata hannun mai koyo. In kana atisaye babu amfilifaya, za ka riƙa ja da ƙarfi don ka ji kanka, ranar da aka jona ka kuma sai tsirkiya ta dinga dukan ƙarafan wuya. Ka nemi ƙaramin amfilifaya mai batir ko na kunne, ka ƙara murya, ka rage ƙarfin hannu. Da hunturu fatar yatsa tana tsagewa, ka shafa mai da dare, ba lokacin kiɗa ba. Da bazara gumi yana sa tsirkiya tsatsa, ka goge ta da tsumma duk sanda ka gama. In yatsa ya yi bororo, kada ka fasa shi, ka bar shi ya warke, kanta za ta fito.

Atisayen minti goma sha biyar

Sauke manhajar metronom a waya, ka sa ta a 60. Minti biyar ka kaɗa kowace tsirkiya sau takwas, yatsu suna karɓa-karɓa. Minti biyar ka yi ta tsallake, E zuwa D, A zuwa G, kana lura da babban yatsa. Minti biyar na ƙarshe ka yi uku-uku. Kada ka ƙara gudu sai ka yi kwana uku babu ruri, sannan ka ƙara 5 kawai. Bayan wata ɗaya, kunna waƙar fim ɗin da ka fi so, ka nemo bes ɗin da fiyano ya yi, ka bi shi da yatsunka.