Tarihin Cibiyar Faɗakar da Manoma ta Samaru: Yadda Bincike Ya Sami Hanyar Zuwa Gona

Duk manomin da ya taɓa shuka masara SAMMAZ, ko gyaɗa SAMNUT, ko wake SAMPEA, ya ci moriyar Samaru ko da bai taɓa taka ƙasar Zazzau ba, domin daga sunan garin aka ciro farkon waɗannan sunaye. Sai dai fitar da iri daban, kai shi hannun manomi daban. Wannan aiki na biyu shi ne aka ɗora wa cibiyar faɗakar da manoma ta ƙasa, wato NAERLS, da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Asalinta

A shekarar 1922 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa tashar binciken aikin gona a Samaru domin lardunan Arewa. Hankalin Turawa a lokacin ya fi karkata ga auduga da gyaɗa, amfanin da jirgin ƙasa yake kwasa zuwa Ikko a fita da shi Ingila. Masu bincike da malaman gona duk ma'aikatan gwamnati ɗaya ne, saboda haka abin da aka gano a gonar gwaji yana bin hanyar ofis har ya isa lardi.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, sai aka miƙa mata tashar, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona, wato IAR. Nan fa aka sami giɓi. Masana sun koma jami'a, malaman gona kuwa suna nan a Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa mai hedikwata a Kaduna. Wa zai ɗauki sakamakon bincike, ya sauƙaƙa shi, ya ba malamin gona a harshen da zai iya tsayawa da shi a gaban manomi? Don toshe wannan giɓi aka kafa wani ƙaramin sashe na sada bincike da faɗakarwa a 1963. Shi ne tushen NAERLS.

Bayan an raba Arewa zuwa jihohi shida, gwamnatin yankin ta naɗe tabarmarta a 1968, sashen ya koma ƙarƙashin IAR. A 1975 hukumar jami'ar ta ware shi, ya zama cibiya mai cin gashin kanta. Aikinta shi ne horar da malaman gona na jihohi, buga ƙasidu da takardun bayani, ciki har da na Hausa, da shirya shirye-shiryen rediyo, domin rediyo tana kaiwa inda motar gwamnati ba ta kaiwa.

Abin da manomi ya koya wa masana

A farkon lamari, an ɗauka faɗakarwa saƙo ne mai gangarowa daga sama. Malamin gona zai zo ya ce a shuka amfani guda a gona, a jere, a kan lokaci. Manomi zai ce to, sannan ya koma ya ci gaba da haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya kamar yadda ya gada. Sau da yawa sai a ce taurin kai ne ko rashin wayewa.

A tsakiyar shekarun 1960, wani masanin tattalin arzikin noma a Samaru, David Norman, da abokan aikinsa suka zauna da manoman Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau, suna rubuta aikin kowane gida da abin da ya girbe. Sakamakon ya nuna manomi yana da hujja. Haɗa amfani yana ba shi riba mai kyau a kan ƙwadagon da ya zuba, musamman a watannin Yuni da Yuli lokacin da noma ke yin yawa, hannu ya yi kaɗan. Kuma idan ruwa ya yi gardama, ko gero ko dawa ɗaya zai tsira.

Haka batun auduga. Bincike ya ce a shuka ta da wuri don ta fi yabanya, kuma gaskiya ne. Amma lokacin ya faɗo daidai da noman farko na hatsi, kuma babu magidancin da zai bar abincin iyalinsa ciyawa ta cinye saboda auduga. Sai ya jinkirta ta har ya ga hatsinsa ya miƙe. Daga irin wannan fahimta aka gane cewa malamin gona yana da saƙo biyu: wanda zai kai ƙauye, da wanda zai dawo da shi Samaru. Fasahar da ba ta yi la'akari da ƙwadagon manomi, aljihunsa da rumbunsa ba, a gonar gwaji za ta tsaya.

Zamanin bunƙasa

Shekarun 1970 sun zo da jarrabawa. Farin 1972 zuwa 1973 ya karya manoma da makiyaya, sannan a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta yi ɓarnar da ta taimaka wajen kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano. A tsakiyar shekarun ne aka fara shirye-shiryen raya aikin gona na Funtuwa, Gusau da Gwambe da rancen Bankin Duniya, daga baya aka faɗaɗa su zuwa dukkan jihohi. Tsarin da aka bi shi ne na horo da ziyara: a horar da malamin gona duk bayan mako biyu, ya kewaya ƙauyukansa a kan babur, ya kafa ƙaramar gonar gwaji a gefen gonar manomi domin maƙwabta su gani da idonsu. Masana kuma suna zama da jami'an faɗakarwa duk wata, su saurari matsalolin da aka kawo daga gona.

Masara ita ce babbar shaidar wannan zamani. A da, 'yar bayan gida ce, a gasa a ci da ɗanyenta. Da ingantaccen iri ya haɗu da takin zamani mai rangwame, da hanyoyin karkara, da kasuwa mai saye, sai ta mamaye gonakin Funtuwa, Giwa da Saminaka. Ba wa'azi kaɗai ya yi wannan aiki ba. Manomi ya lissafa ya ga riba.

A 1987 Gwamnatin Tarayya ta ba cibiyar hurumin ƙasa baki ɗaya, ta sami sunan da take amsawa yau, ta buɗe ofisoshin shiyya a wurare irin su Maiduguri, Badeggi, Ibadan da Umudike. A wannan tsakanin ne kuma aka soma ba mata manoma kulawa ta musamman, domin masu matsar man gyaɗa, masu turara shinkafa da masu kiwon awaki a cikin gida ba kowane namiji ne zai shiga ya same su ba.

Halin da ake ciki

Da kuɗin Bankin Duniya ya ƙare a shekarun 1990, hukumomin raya aikin gona na jihohi da yawa suka yi rauni. Malaman gona suka yi ta ritaya ba a maye gurbinsu ba, har ta kai mutum ɗaya yana da dubban manoma a wuyansa. Cibiyar ta ci gaba da binciken yadda damina ta kasance kowace shekara a faɗin ƙasa, ta riƙe ƙauyukan da take gwada fasaha a cikinsu, ta kuma kafa layin waya da manomi zai kira ya yi tambaya. Samaru ba ta daina fitar da iri ba: a 2019 aka amince da wake SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso.

Amma a yau, mai shagon taki da maganin feshi ne manomi ya fi tambaya, shi da saurayin da ke goya injin feshi a biya shi. Idan ba a horar da su ba, shawarar da za su bayar ta mai neman ciniki ce. Waya na iya faɗa wa manomi sunan magani, amma ba za ta duba ganye ta rarrabe cuta da ƙarancin taki ba. Ilimin yana nan a Samaru, hanyar horarwa ma an daɗe da shimfiɗa ta. Abin da ya rage wa jihohi shi ne su ɗauki sababbin malaman gona, maza da mata, su ba su abin hawa da albashi a kan kari, su kuma saurari abin da suka jiyo daga bakin manoma.